Digiri na Biyu a Fannin Walwalar Jama'a: Yadda Ake Nemansa da Abin da Ke Cikinsa





An nemi in yi bayani a kan digiri na biyu a fannin kula da walwalar jama'a, wanda ake taƙaita sunansa da MSW: yadda ake nemansa, abin da ake karantawa, da abin da mutum zai tarar in ya shiga. Wasunku suna shekarar ƙarshe a jami'a, wasu suna bautar ƙasa, wasu kuma sun riga sun fara aiki a asibitoci, ko ma'aikatun mata, ko ƙungiyoyin agaji. Magana ɗaya nake so kowa ya tafi da ita. Zuciyar wannan karatu ita ce horon sanin makamar aiki a gaban mutane na gaske, ƙarƙashin idon ƙwararre. Da shi za ku auna makarantar da za ku zaɓa, da shi za ku rubuta takardar nema, da shi kuma za ku gane ko kun karu bayan kun gama.

Daga tausayi zuwa sana'a

Taimakon marar ƙarfi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da zakka da waƙafi, muna da gayya, muna da riƙon maraya, muna da mai unguwa da liman da ke sasanta ma'aurata a zaure. Saboda haka dole wani ya tambaya: me za a koya wa mutum shekara biyu a kan abin da kakarsa ta yi ba tare da ta taka ƙofar makaranta ba?

Amsar tana cikin yadda sana'ar ta samo asali. A ƙarshen ƙarni na 19 biranen Ingila da Amurka sun cika da mutanen da suka baro garuruwansu neman aikin masana'anta, suka rabu da dangin da a da suke tallafa musu. Masu sadaka suna nan, amma talauci bai ragu ba. A 1884 aka buɗe gidan Toynbee Hall a unguwar talakawan gabashin Landan, inda 'yan jami'a suka koma da zama cikin mutanen da suke son taimakawa. A 1889 Jane Addams da abokiyar aikinta suka buɗe Hull House a Chikago a kan wannan tsari, aikin da ya kai ta ga samun kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. A 1898 aka fara ba da horo na musamman a birnin New York, wanda daga baya ya zama makarantar wannan fanni a Jami'ar Kolombiya. A 1917 Mary Richmond ta fitar da littafin da ya shimfiɗa yadda ake binciken halin da mutum yake ciki kafin a ce za a taimake shi: a ji ta bakinsa, a ji ta bakin danginsa, a duba muhallinsa, a rubuta, sannan a yanke shawara.

Abin da waɗannan mutane suka gano shi ne, kyakkyawar niyya kaɗai tana iya yin ɓarna. Kana iya ba mutum abin da ba shi yake buƙata ba, kana iya tona masa asiri da sunan taimako, kana iya mayar da yarinya gidan da ta gudo saboda ba ka tambayi abin da ya koro ta ba. Karatun ba ya dasa wa mutum tausayi. Yana koya wa mai tausayi tsari, da doka, da iyakarsa.

A Najeriya, aikin ya shigo hannun hukuma a Legas lokacin yaƙin duniya na biyu, saboda yaran da suka cika tituna, aka kuma yi dokar yara da matasa a 1943. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta fara koyar da fannin a 1976. A ƙarshen mulkin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ne aka sa hannu a kan dokar 2022 wadda ta kafa majalisar da za ta kula da sana'ar da masu yin ta.

Me ya sa maganar ta shafe mu

Mu duba gida. Rikicin Boko Haram ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu a arewa maso gabas, ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka kora a Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke shaye-shaye a ƙasar nan. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje ba ƙiyayya ce ta kai su ba. Yaro ya gagara, sun duba gabas sun duba yamma, ba su ga ƙwararren da za su kai masa kuka ba.

Dokoki kuwa muna da su: dokar kare haƙƙin yara ta 2003, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya wadda aka sa wa hannu a 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba ta zuwa gida ta duba halin da yaro yake ciki, ba ta rubuta wa alƙali rahoto, ba ta raka matar da aka ci zarafinta asibiti. Mutum ne yake yi, kuma dole ya kasance mai jin harshen gidan, wanda ya san yadda ake sallama a ƙofa da wanda ake fara gaisarwa. A nan ne muke da giɓi babba.

Zaɓen makaranta

In a gida za ka yi, jami'o'i irin su Ibadan, Nsukka, Benin da Legas sun daɗe suna koyar da fannin. Abin da aka saba nema shi ne digirin farko mai daraja ta biyu, ko babba ko ƙarama, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamakon jami'a wanda muke kira tiranskirif, da wasiƙun malamai masu ba da shaida. Mai daraja ta uku ko mai babbar difloma yawanci sai ya fara bi ta diflomar gaba da digiri, wato PGD.

Kafin ka sayi fom, ka je sashen da ƙafarka, ka nemi ɗaliban da ke ciki, ka yi musu tambaya uku. Ina ake tura ku horon aiki? Wa yake duba ku a can, kuma shi ma ya karanci fannin? Malami yana zuwa ya gan ku a wurin, ko sai dai ku kawo littafi a buga muku hatimi? In amsar ita ce hatimi kawai, to takarda za ka samu, ba sana'a ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In waje kake hange, ka san tsarin kowace ƙasa. A Amurka akwai hukumar tantance makarantun fannin mai suna CSWE, wadda aka kafa a 1952. Kada ka kashe ko kwabo a makarantar da ba ta amince da ita ba, domin samun lasisin aiki a can ya rataya ne a kan haka. Karatun shekara biyu ne, kuma hukumar ta wajabta aƙalla awa 900 na horon aiki. Wanda digirinsa na farko a wannan fanni ne yana iya gamawa cikin shekara ɗaya, amma in daga wata ƙasa ya samo shi, sai hukumar ta tantance digirin tukuna. A Ingila ma karatun da ke ba mutum damar shiga sana'ar shekara biyu ne, da kwana 200 na horon aiki, kuma doka ta hana kowa kiran kansa ma'aikacin wannan fanni sai ya yi rajista da hukumar Social Work England.

Ga abubuwa biyu da suke ba masu nema mamaki. Na farko, tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na karatun shekara ɗaya ne, yana kuma neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, saboda haka bai dace da wancan karatu na shekara biyu ba, sai dai da kwasa-kwasan da ke kusa da shi, kamar tsare-tsaren walwalar jama'a ko kare yara. Na biyu, tun daga Janairun 2024 yawancin ɗaliban digiri na biyu na aji, ba na bincike ba, ba su da izinin tafiya Birtaniya da iyalansu. Mai mata da 'ya'ya, ko mai miji, sai a zauna a gida a yi shawara tun kafin a cika fom. A ƙara da cewa horon aikin galibi ba a biya, kuma yana cinye lokacin da ɗalibi zai yi wani aikin neman kuɗi. Ka yi lissafi da idonka a buɗe.

Takardun nema

Tiranskirif shi ne ya fi ɓata wa mutanenmu lokaci. Ka fara nemansa watanni kafin a rufe karɓar takardu. In Amurka za ka, wasu makarantu za su ce sai an tantance sakamakonka ta hannun hukuma irin WES, wasu kuma za su nemi jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL. Yawancin makarantun can suna rufe karɓa ne tsakanin Disamba da Maris don karatun da zai fara a Agusta ko Satumba.

Wasiƙar shaida kuwa, muna da ɗabi'ar neman babban suna: farfesa, ko kwamishina, ko basarake. Masu tantancewa ba girman sa hannu suke dubawa ba. Wasiƙar shugabar gidan marayun da ta ga yadda kake zama da yaron da ya ƙi cin abinci ta fi ta babban mutumin da bai san fuskarka ba. Ka haɗa malami ɗaya da ya san rubutunka da mutum ɗaya da ya ga aikinka.

Sai takardar bayanin kai, inda za ka faɗi dalilinka na neman fannin. A nan ake tankaɗe da rairaya. Mafi yawan masu nema suna farawa da cewa tun suna yara suke son taimakon al'umma. Mai karantawa ya ga irin wannan jimla har ta gundure shi. Kwatanta ta da wadda ta rubuta cewa lokacin bautar ƙasa a wata makarantar ƙauye ta lura 'yan mata suna daina zuwa aji da zarar damina ta tsaya, ta bi gida gida, ta gano talla ce da kuɗin jarrabawa, ta zauna da mai unguwa da iyaye mata, wasu yaran suka dawo, wasu ba su dawo ba, kuma rashin sanin abin da ya kamata ta yi wa waɗanda ba su dawo ba shi ne ya kawo ta neman karatu. Wannan ta nuna ta gani, ta gwada, ta kuma san iyakar saninta. Irinta ake nema.

Ku kiyaye abu uku a wannan takarda. Kada ka ambaci sunan wanda ka taimaka, domin tun daga nan ake gwada riƙon sirrinka. Kada ka zana mutanenka kamar marasa dabara masu jiran mai ceto. Kada kuma ka ba wani ko wata na'ura ta rubuta maka, domin ranar ganawa bakinka zai saɓa wa takardarka. Wanda bai taɓa yin aikin ba, ya jinkirta nema. Ya je gidan marayu, ko sansanin 'yan gudun hijira, ko sashen walwala na asibiti, ya yi aikin sa kai na wasu watanni. Gani ya kori ji.

Abin da ke cikin karatun

A aji za ka karanci yadda ɗan Adam yake girma da yadda muhalli yake sarrafa shi, da dabarun aiki da mutum ɗaya, da iyali, da rukuni, da unguwa baki ɗaya. Za ka karanci doka da manufofin gwamnati, da hanyoyin bincike, da ladubban sana'a. A shekara ta biyu mutum yakan karkata: ko asibiti da lafiyar ƙwaƙwalwa, ko yara da iyali, ko kotu da gidan gyaran hali, ko shugabanci da tsara manufofi.

Amma bari mu shiga fili mu gani. A ce an tura ɗaliba asibitin masu yoyon fitsari, irin na Babbar Ruga a Katsina. An yi wa wata yarinya aiki, ta warke, likita ya sallame ta, amma ta ƙi naɗe tabarmarta. Mai tausayi kawai zai zaro kuɗin mota ya ba ta. Ɗalibarmu za ta ja kujera, ta zauna daidai da ita ba a tsaye a kanta ba, ta faɗi sunanta da aikinta, ta tabbatar mata maganarsu ba za ta fita ba sai da izininta, in ba akwai barazana ga rai ba. Sai ta yi shiru ta saurara. A hankali za a ji cewa miji ya sake ta tun ciwon yana sabo, ko kuma yana jiranta alhali likita ya ce a ƙaurace wa shimfiɗa na wasu watanni, ita kuma ba ta da bakin faɗa masa. Za a ji wa take jin nauyi a danginta, wa yake da faɗa a ji, ko akwai gwaggo da za ta riƙe ta, ko ta iya wata sana'a. Ɗalibar ba za ta yanke mata hukunci ba. Za ta shimfiɗa mata hanyoyin da ake da su, yarinyar ta zaɓa, sannan a kira wanda ya kamata a kira, a sa ranar da za a sake bibiya.

Da yamma ɗalibar za ta rubuta duk abin da aka faɗa, har da abin da ta ji a ranta. Ranar zama da mai duba aikinta, zai bi rubutun layi layi. Me ya sa kika katse ta a nan? Da ta ambaci kishiyarta kika sauya magana, me ya faru? Wannan shawara tata ce ko taki? Zama ne mai nauyi, amma a cikinsa ake zama ma'aikaci. Shi ya sa na ce ku auna makaranta da shi.

Ladubban sana'ar za su yi karo da wasu abubuwan da muka saba. Ba ka karɓar kyauta daga wanda kake yi wa aiki, ko da kaza ce ta godiya. Ba ka ɗaukar hoton maraya ka sa a Facebook. Ba ka ba matarka ko mijinki labarin wanda ya zo ofis. Ba ka mayar da ganawa wurin wa'azi, ko da kai malami ne, domin mai shaye-shayen da ke gabanka ya sha jin wa'azi, abin da ya rasa shi ne wanda zai saurare shi. Za ka kuma yi wa wanda ba addininku ɗaya ba, da wanda ba ka yarda da halinsa ba, aiki da zuciya ɗaya.

Sai dai kada ku haɗiye duk abin da ke cikin littattafan waje ba taunawa. Yawancinsu an rubuta su ne a inda ake kallon mutum shi kaɗai, mu kuwa a nan ba a raba mutum da gidansu. Muna da abin koyi a gida. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Duniya ta yaba da tsarin, shi kuma ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan lokacin rubuta kundin bincike ya zo, ku yi irin wannan tunani. Ku binciki riƙon yara a tsakanin dangi, da rayuwar almajiri bayan ya sauke, da halin zaurawa da 'ya'yansu, da yadda hukumomin zakka suke zaɓen wanda za a ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nauyin da ke jiran ku

Ba zan ɓoye muku ba, albashin bai kai wahalar aikin ba, a nan da waje. Za ku ji labaran da za su hana ku barci. Za ku yi wata da watanni a kan yaro ɗaya, sannan ya koma inda ya fito. Gajiyar zuciya gaskiya ce, kuma an san ta a wannan sana'a. Maganinta shi ne kada ka ɗauki kaya kai kaɗai: ka riƙe mai duba aikinka, ka riƙe abokan karatu, ka ba iyalinka haƙƙinsu, ka riƙe ibadarka, ka kuma yarda cewa ba kowa ne zai gyaru a hannunka ba. Wanda yake neman digiri na biyu don ƙarin girma a ofis kawai, ko don hanyar fita waje, akwai fannoni da yawa da suka fi wannan sauƙi.

Ina da roƙo ga iyayenmu. Akwai ɗakunan da namiji ba zai taɓa shiga ba, akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko da za ta mutu da ita. Ku bar 'ya'yanku mata su yi wannan karatu, ku kuma tallafa musu. Ga jami'o'inmu na Arewa da gwamnatocin jihohi, a ƙarfafa sassan wannan fanni, a ɗauki waɗanda suka karance shi aiki a asibitoci, da kotuna, da makarantu, a daina ɗora aikin a kan duk wanda aka rasa inda za a kai shi.

Ku kuma ƙannena, wanda ya ji zuciyarsa ta karkata, kada ya jira a fara sayar da fom. A wannan makon ya nemi wurin aikin sa kai, ya tura neman tiranskirif, ya kuma zauna da wani da ya daɗe a aikin ya tambaye shi ɗaci da zaƙinsa. Wanda Allah ya ba damar karatu a waje, ya je ya koyo, ya dawo, domin masu buƙatarsa suna nan.

Allah ya ba ku sa'a, ya sa abin da za ku koya ya amfani jama'a.